Takardar Yaya

Kwana huɗu ke nan Auta tana bi gida-gida da fam ɗin ƙidayar masu ilimi na gundumarsu. Gurbi huɗu ne a gaban kowane suna: wanda bai shiga aji ba, firamare, sakandare, sai gaba da sakandare. Sharaɗi ɗaya shugaban aikin ya kafa musu: duk wanda ya ce ya wuce sakandare, sai an ga takardarsa ido da ido, an kwafi lambarta. Cikin gida tamanin da ta shiga, mutum biyu kacal suka hau gurbin ƙarshe.

Gidansu ta bari a ƙarshe, don a ganinta can babu wata wahala. Kowa ya san Yaya ya gama kwalejin aikin gona shekara shida da suka wuce. Aiki ne dai bai samu ba, shi ya sa yake facin taya a bakin titi.

Ta tarar da Baba a inuwa yana gyaran ƙotar fartanya.

"A'a, malama mai biro, yau kanmu aka zo? To ni rubuta min digiri uku a jami'ar kunya da kwari."

Inna ta ce daga bakin murhu, "Wane digiri? Kai da ko sunanka sai da dangwale!"

Auta ta yi murmushi, ta cika nasu. Da ta zo kan Yaya, Baba ya tashi da kansa ya shiga ɗaki, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ya fito da ambulan a naɗe cikin leda biyu.

"Goge hannunki tukuna. Tun ranar da ya kawo min ita ban bar kowa ya buɗe ba."

Ta buɗe. Ga tambarin kwaleji, ga hatimi, ga sa hannu. Sai dai layi uku ne kawai: an sallame shi a shekara ta biyu, saboda ya faɗi jarrabawa sau biyu. Ta sake karantawa.

Sai ga Yaya ya shigo cin abinci, hannunsa baƙi ƙirin. Ya ga abin da ke cinyarta, ya tsaya cak.

Baba ya ce, "Karanta da ƙarfi mana, Innarki ta ji."

"Turancin da wuya, Baba."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kin gani ko? Ruwa ba sa'an kwando ba ne. To yi masa alamarsa." Ya ɗora yatsa a gurbi na huɗu. "Nan ne. Ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga."

Biron ya yi mata nauyi. In ta sa a na huɗu babu lamba, shugaba zai zo da kansa ya duba takardar, shi kuwa bai san magana a hankali ba, sai maƙwabta sun ji. In ta sa a na uku, ga idon Baba a kan hannunta. Ta sunkuyar da kai, ta rasa tudun dafawa.

Yaya ya tako ya durƙusa kusa da ita. Ya zare biron daga yatsunta, ya yi alama a gurbi na uku.

Baba ya bi da yatsa. "Ɗaya, biyu, uku." Ya sake ƙirgawa. "Kai, ka yi kuskure."

"Ban yi ba, Baba." Ya juyo wajen ƙanwarsa. "Auta, karanta masa."

Inna ta daina fifita wuta. Baba ya dubi takardar, ya daɗe yana dubanta, kamar yau zai iya gane baƙaƙen.

"Ba sai ta karanta ba," in ji shi. "Auta, tashi ki kai wa mutane aikinsu."

Ta tattara takardunta. Ta nufi ƙofa. Da ta waiwaya, Yaya na nan a durƙushe, Baba kuma bai ce masa ya tashi ba.