Yu Nuan a Dajin Giwaye

Yu Nuan ta haura shekara sittin, kuma duk ta yi su ne tana noman masara da rake a wani ƙauye da ke gefen dajin Xishuangbanna, a ƙasar Sin. Ranar da 'yarta Yu Wan, mai aikin jinya a birnin Jinghong, ta zo ta ce ta kama musu ɗaki a wani masaukin baƙi cikin daji, sai tsohuwar ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Wane dajin?"

"Namu dai, Inna, can ƙetaren kogi. Mutane har daga Shanghai suke zuwa kallon giwaye."

"Kallon giwaye! Su zo gonata idan masara ta nuna, su kalla su more, su taya ni kora."

Ta bi ta dai, don yarinyar da ƙyar ta samu hutun.

Ɗakunan masaukin na gora ne, a kan dogayen ginshiƙai, da rufin ciyawa. Matar da ta tarbe su ta yi ta bayani cikin alfahari: wutarsu ta sola ce, ruwan sama suke tarawa, ba a shigo da leda ko gorar roba, kuma ba a sare itace ko ɗaya ba wajen ginin. Yu Nuan ta taɓa 'yarta.

"Ke, wannan ai gidan kakarki ne, wanda muka rushe muka yi na siminti."

Amma katifar ta yi mata laushi. Da aka kawo shinkafa mai danƙo wadda aka dafa cikin gora, da gasasshen kifi, ta ci ta ƙoshi, ta miƙe za ta kwashe kwanuka. Yu Wan ta janyo zaninta.

"Zauna, Inna. Nan baƙuwa ce ke."

A wurin cin abincin suka haɗu da wani tsoho mai suna Qiao, malamin lissafi da ya yi ritaya. Daga Harbin ya zo, garin ƙanƙara, gumi na tsiyaya daga gemunsa, ga wata ƙatuwar kyamara a wuya.

"Yaya," ya ce mata, "gaskiya ne kin taɓa ganin giwa ido da ido?"

"Ido da ido? Ɗuwawunta dai na fi sani, idan ta gama ci tana tafiya."

Qiao ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Da safe mai yi musu jagora, Yan Zhuang, ya ɗebe su a motar lantarki marar ƙara, ya kai su wata gadar katako da aka shimfiɗa can sama tsakanin itatuwa, kogi na gudu a ƙasa. Suka ga birai, suka ga tsuntsaye masu ƙaton baki. Giwa kuwa sai kashinta. Qiao ya durƙusa yana ɗaukar hotonsa ta kowane gefe.

"Ɗan ƙasar ƙanƙara," in ji Yu Nuan, "in ƙunsa maka kaɗan ka yi tsaraba?"

Washegari, rana ta fara ɗagawa ke nan, Yan Zhuang ya ɗaga hannu kowa ya tsaya. Gora ta fara ƙara can ƙasa, rassa na karyewa. Sai ga giwayen, garke guda, suna gangarowa bakin ruwa.

Yu Nuan ta zabura. Idonta ya shiga neman gwangwanin da za ta buga, bakinta ya buɗe za ta ƙwala ihu kamar yadda ta saba. Yu Wan ta riƙe mata hannu, ta raɗa mata, "Inna, nan ba gonarki ba ce."

Sai ta rufe baki. Ta jingina da katakon gadar, ta tsaya tana kallo kawai. Duk rayuwarta ba ta taɓa duban giwa ba sai zuciyarta na tafasa.

Akwai wani ɗan jariri a cikinsu wanda bai ma san amfanin hancinsa ba. Ya tsoma hancin a ruwa, ya fesa wa kansa a ido, ya firgita, ya zame cikin laka ƙafafu sama. Uwar ta sa ƙafa ta tura shi ya tashi. Ya yi taku biyu, ya sake zubewa. Yu Nuan ta cusa gefen ɗankwalinta a baki, kafaɗunta na girgiza.

Daga baya wata babba ta fito, kunnenta na hagu a yage. Yu Nuan ta ƙura mata ido.

"Ke ce! Ɓarauniya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Wannan ta cinye min rabin gona shekarar da aka yi ambaliya."

"Ita ce shugabarsu, Gwaggo," in ji Yan Zhuang a hankali. "Ita ta haifi uwar ƙaramin nan."

"Ashe jika gare ki. Ashe da masarata kika yi goyo." Ta daɗe tana kallon yadda tsohuwar giwar ke watsa wa jikanta ruwa. "To, na yafe rabi."

Ta juya ta ga Qiao tsaye, kyamara na lilo a ƙirjinsa, hawaye na bin kumatunsa. Bai ɗauki hoto ko ɗaya ba.

"Na manta, Yaya," ya ce.

"Gara haka. Ai da hannunka na rawa duk ganye za ka ɗauka."

Da yamma ma'aikatan masaukin suka fito da dogayen ganguna tsakar fili. Kafin kowa ya motsa, Yu Nuan ta cire takalma ta shiga, tana lanƙwasa yatsu irin na 'yanmatancinta. Yu Wan ta tsaya baki buɗe, don ba ta taɓa ganin uwarta tana rawa ba.

Tsohuwar ta kama hannun Qiao ta janyo shi fili.

"Ban iya ba!" ya ce.

"Wa ya tambaye ka? Ɗaga ƙafa, malam!"

Ya ɗaga, ya taka mata yatsa, ta zabga masa ɗankwali a kafaɗa, masu ganga suka ƙara wuta. Ba su zauna ba sai da aka kira mutane cin abinci.