Abin da Ke Bayan Kunnen Hajiya Raliya

Wata uku Hajiya Raliya ta yi ba ta Tanut. An ce ta je Tunusiya wurin ɗanta mai karatu, don a duba mata gwiwa. Ranar da kar ɗin Damagaram, babbar motar fasinjan nan, ya sauke ta, gwiwar tana nan yadda aka san ta, tana ɗingishi da ita kamar kullum. Fuskar ce ta sake. Kumatun da suka zubo gefen baki sun koma sama, fatar da ke reto ƙarƙashin haɓa ta ɓace, wuya ya fito sumul. Mace mai jikoki tara ta dawo kamar ƙanwar kanta. Masu zuwa sannu da hanya su gaishe ta, su sha ruwa, su fito ƙofar gida su tsaya suna kallon juna.

Ramatu mai kitso ba ta je sannu da hanya ba, don ta san za a aiko. Shekara goma sha biyu ita ke yi wa Hajiya kitso, kuma kan da ya yi wata uku a hannun baƙi dole ya neme ta. Aka kuwa aiko ranar Laraba da hantsi.

Ta iske Hajiya ita kaɗai a ɗaki, an kori jikoki waje, an saki labule. Suka gaisa. Hajiya ta zauna kan tabarma, Ramatu ta hau kujera a bayanta, ta kwance kallabi ta fara tsifa. Da ta zo gefen dama ta karkatar da kan, sai hannunta ya tsaya. Wani siririn layi ne ja-ja kamar zare. Ya taso daga cikin gashi bisa kunne, ya gangaro ta gaban kunnen yana bin lanƙwasarsa, ya zagaye wurin ɗan kunne, ya hau ta baya ya sake nutsewa cikin gashi. Ta juya kan. Na hagu ma haka, kamar an auna.

"Hajiya," in ji Ramatu, "ta nan aka bi zuwa gwiwar?"

Kafaɗun Hajiya suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata.

"Allah ya shirye ki, Ramatu. Ɗaga haɓata ki ga sauran."

Ƙarƙashin haɓa akwai wani layin, gajere, bai fi gaɓar yatsa ba.

Ashe maganar ta daɗe tana cin Hajiya a ciki, ta rasa wa za ta faɗa wa. Ta ce lokotoron, wato likitan da ya yi mata aikin, ya zaunar da ita gaban madubi, ya zana mata fuska da alƙalami kamar tela zai yanka yadi. Ya bayyana mata cewa a da fata kaɗai ake ja, mace ta fito kamar iska na bugun ta a bayan mota, bayan ɗan lokaci kuma fatar ta sake saki. Yanzu sai a ɗaga fatar a hankali a shiga ƙarƙashinta, inda akwai wata shimfiɗa ta nama mai ƙarfi wadda ita ke riƙe da kumatu. Ita ake ja sama da baya a ɗinke. Sannan a mai da fata ta kwanta a kai ba tare da an matsa mata ba, abin da ya yi saura a datse.

"Ya ce kamar gado ne," in ji Hajiya. "In katifa ta lotsa, jan zanen gado ba ya gyara ta."

"Wuyan fa?"

"Wuyan ta ƙarƙashin haɓa suka shiga. Akwai wasu igiyoyin nama biyu nan gaba, girma ke raba su, su yi ta lilo. Sai a zuƙe kitsen da siririn bututu, a haɗo su tsakiya a ɗinke kamar bakin buhu."

Ramatu ta shafa nata wuyan ba ta sani ba.

"To su mutane me kika ce musu?"

"Rukaiya ce ta matsa mini jiya. Na ce nonon raƙumi na yi ta sha, safe da yamma."

"Hajiya, har Tunusiya kika je shan nonon raƙumi, ga raƙuma suna kwana bayan gidanki?"

"Shi ya zo bakina. Ke dai ki rufe mini kunnuwan nan, kuma kar ki ja, lokotoro ya hana. Maganar nan daga ni sai ke."

Ramatu ta yi alkawari. Ta yi mata kitso sako-sako, ta sauko da biyu-biyu ta kowane gefe suka kwanta kan kunnuwa.

Rukaiyar da ake magana ƙawar Hajiya ce tun suna ƴammata, shekararsu ɗaya, gidajensu na kallon juna. Atamfa take sayarwa a cikin gida, saboda haka duk abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin rana ta faɗi ya zagaye unguwa. Akwai wata Fadimata, ƴar Abzinawa, da ke kawo nonon raƙumi daga wajen Tenhiya cikin jarka. A da tsofaffi biyu ko uku ne ke saye. Ranar kasuwar da ta biyo ta tarar da mata tsaye suna jiranta da kwanoni, ta yi ta duba bayanta ko wani suke jira.

Nonon raƙumi kuwa ba ya raga wa cikin da bai saba da shi ba. A wurin sunan gidan Attahir, Ramatu na zaune gefe tana kallo: mace ta ɗauki loma, ta ajiye, ta miƙe a natse ta nemi buta. Kafin ta dawo wata ta miƙe. Babu mai tambayar wata. Hajiya Raliya na tsakiyar taro tana cin shinkafarta, ta ƙi yarda su haɗa ido da Ramatu.

Bayan kwana goma Rukaiya ta shigo gidan Ramatu da rana tsaka. Ta rame, kuma ramar ta ƙara sakin fatar wuyanta. Ta zauna kan turmi ba a ce ta zauna ba.

"Ramatu, ke kike taɓa kan matar nan. Don Allah me kika gani?"

"Inna Rukaiya, kai ne na gani da gashi."

"Kar ki mai da ni yarinya. Na sha nonon nan har na fara jin warin raƙumi a jikina. Ba shi ba ne."

Ramatu ta tuna alkawarinta. Ta kuma tuna cewa Rukaiyar nan ce ta daɗe tana faɗa wa masu sayen atamfa wai hannun Ramatu ya mutu, kitsonta ba ya kwana bakwai. Ta sunkuyar da kai tana gyara tsinken kitso.

"Ni dai abin da na gani ja ne," ta ce. "An ja baya, an ɗaure. Ban ce komai ba fa."

Rukaiya ta juya maganar a ranta. Sannan idonta ya yi haske.

"Kitson nan ne. Shi ya sa ta sake salo, har da masu rufe kunne. Can suka koya mata." Ta fizge kallabinta ta zauna ƙasa. "Ja mini."

"Da zafi fa, Inna."

"Na haifi takwas. Ja."

Ramatu ta ja. Ta kama gashin goshi tun daga tushe, ta kafa gwiwa a bayan Rukaiya, ta kitse shi baya tamau kamar mai ɗaure kaya a kan jaki. Rukaiya ta damƙe bakin tabarma, hawaye na zuba. Da aka gama aka miƙo madubi. Layukan goshi sun baje, girare sun hau sama, idanu sun buɗe kamar wadda aka faɗa wa labari mai ban mamaki.

"Kin gani ko," in ji Rukaiya, bakinta da ƙyar yake motsi. "Munafuka. Ta bar ni da nonon raƙumi." Ta ɗaga haɓa. "To wuyan bai tafi ba."

"Wuya sai a zama na biyu."

Cikin kwana biyu mata biyar suka biyo bayanta. Ramatu ta so ta ƙi, amma kowacce ta zo da rantsuwar cewa an yi wa Rukaiya, ita ma sai an yi mata. Unguwa ta cika da mata masu ɗagaggun girare. Su haɗu a famfo su gaisa, kowacce kamar ta yi mamakin ganin ƴar'uwarta. Malam Hamidu mai gyaran babur ya tare Ramatu a hanya, ya ce don Allah ko ta san laifin da ya yi, matarsa tun shekaranjiya take kallonsa kamar ya zo da sabon kai.

Rana ta uku bayan azahar Rukaiya ta dawo, ta naɗe kai da jiƙaƙƙen tsumma. Ba ta iya tauna, ba ta iya kwanciya ta kowane gefe, ko sujada sai ta lallaɓa. Ƙuraje sun feso a layin goshi. Ramatu ta zaunar da ita ta fara kwancewa, tana danne dariya. Sai ta ga gashin gaban yana biyo tsinken, ɗan kaɗan ɗin da dama ya rage wa matar. Dariyar ta koma. Ta shafa mata man shanu a hankali, ta ɗaura mata kallabi sako-sako.

"Tashi mu je gidan Hajiya, Inna."

Suka iske ta tana yankan kuɓewa a inuwar rumfa. Ramatu ta zame kallabin Rukaiya ta nuna mata goshin.

"Hajiya, alkawarin ya fi ƙarfina. Ki faɗa mata da bakinki."

Hajiya ta dubi ƙurajen, ta dubi ramar ƙawarta. Ta ajiye wuƙa, ta ja su ɗaki, ta kwance kallabi, ta ɗage kitson da ke kan kunnenta da kanta.

Rukaiya ta matso. Ta bi layin da yatsa tun daga sama har bayan kunne, ta leƙa ƙarƙashin haɓa.

"Yanka ki aka yi."

"Awa biyar ina kwance ban san inda nake ba."

"Raliya, da hankalinki?"

Hajiya ta ba ta labarin duka, har da abin da ba ta faɗa wa Ramatu ba. Yadda ta farka an naɗe mata kai kamar gammo, da ƴan bututu biyu a bayan kunnuwa suna tsiyayar da jini cikin roba. Yadda fuskar ta kumbura kamar kabewa, ta yi baƙi ta yi ɗorawa, har ɗanta ya juya madubin ɗakin. Mako biyu tana barci a zaune, kunu take sha da tsinke. Da takardar da ta sa wa hannu, wadda ta ce in wuƙa ta taɓa wata jijiya baki na iya karkacewa.

"Har yau kunnen nan in an taɓa ba na jin sa sosai," ta ce. "Wai sai a hankali zai dawo."

"Wannan?" Rukaiya ta kama fatar kunnen ta matsa. "Kin ji?"

"A'a."

Ta ƙara matsawa, ta murɗa. "Yanzu fa?"

"Wayyo, Rukaiya, sake ni."

"To ya fara dawowa. Murɗar nan kuwa ramuwar nonon raƙumi ce." Ta saki, ta zauna bakin gado tana shafa nata wuyan. "Ni kam a bar mini abina. Da shi za a binne ni."

Hajiya ta roƙe ta kada maganar ta fita. Rukaiya ta rantse. Ta kuwa riƙe har la'asar.

Washegari ɗakin Hajiya ya cika. Ta yi zaton kunya za ta ji, sai ta tarar abin daɗi yake mata. Ta zauna tsakiyar gado tana juya kai ana leƙawa, har ta ɗauko kwalli tana zana wa mata a fuska inda za a bi da wuƙa in su ne. Wata ta ce a zana mata, da aka zo wurin haɓa ta ce ya isa haka. Ramatu na bakin ƙofa tana dariya, ba ta lura an saki labule a bayanta ba.

"Ramatu," in ji Rukaiya, "zo ki zauna. Kullum ke kike yi wa mutane, yau mu za mu yi miki."

Ta duba. Matan nan biyar ne suka kewaye ta, kowacce da ƙurajenta a goshi. Matar Malam Hamidu har ta riga ta fiddo tsinke.

"Inna, ni ban ce kitso ne ba. Ja na ce."

"Ja ɗin za mu yi."

Suka zaunar da ita kan tabarma. Rukaiya ta kafa mata gwiwa a baya, sauran suka raba kan gida-gida. Babu gwana a cikinsu, layukan duk a karkace, amma wajen ja ba su yi ƙwauro ba. Hajiya na daga kan gado tana ba da umarni, a ƙara ta hagu, girar dama ta fi hawa. Aka yanke mata kwana uku, kuma kowace safiya sai wata ta leƙo ta ga ko ta kwance.

Mijinta Gajere na zaune ƙofar gida yana gyaran igiya sa'ad da Ramatu ta iso. Ya ɗaga kai ya dube ta ya daɗe.

"Lafiya? Wani abu ya faru a gidan Hajiya?"

"Babu komai, Malam."

"To me ya ba ki mamaki haka?"

Ta wuce ciki ba ta amsa ba, don magana ma ja take mata. Ta ɗauki madubi ta tsaya a hasken tsakar gida. Kan na bugawa kamar ana daka a ciki, amma goshin ya yi sumul ƙwarai. Ta juya hagu, ta juya dama. Sannan ta ɗan ɗaga haɓa, ta kama fatar wuyanta da yatsu biyu ta ja baya, don dai ta gani.