Giwan Ruwa da Tsakar Rana

Ranar da aka kawo fim ɗin ƙauyensu, ba kallo ne ya kai Inna Bara'atu makarantar firamare ba, faɗa ta tafi yi. Ta ɗaura zane, ta ɗauki sandarta, tana tafe tana mita, awaki ma sai da suka ba ta hanya.

Tatsuniyar da aka yi fim ɗin da ita tata ce, kowa a wannan gefen madatsar ruwan Goronyo ya san haka. Labarin Mashkura ne, 'yar masunci, wadda giwan ruwa ya haɗiye jirgin ubanta, ita kuma ta bi shi har ƙasan gulbi. Ɗahiru, ɗan ƙanenta da ke koyarwa a Wurno, shi ya zauna gabanta ya rubuta labarin ya buga littafin yara. Bara'atu ba ta damu da littafin ba, don a ganinta takarda ba ta da murya. Sai ga wasu samari a Sakkwato sun ɗauki littafin sun mai da shi katun, wato fim ɗin zane mai motsi. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne lokacin da aka sa na nuna shi, wai da rana tsaka.

A ƙauyen ba a tatsuniya da rana. Haka suka taso suka iske: wanda ya yi, ko wanda ya saurara, zai ɓata, ya nemi hanyar gida ya rasa. Babu kuwa wanda ya kai Bara'atu riƙon wannan doka. Yaron da duk ya roƙe ta tatsuniya kafin magariba, ranƙwashi yake sha. Sai dai kuma dare ya daɗe da ƙwace wa mutane. Tun da 'yan bindiga suka fara shiga ƙauyukan gabas, da an sallame isha'i kowa sai ya kulle ƙofa, a kashe fitila, ko tari mutum zai yi sai ya toshe baki. Dandalin da yara ke kewaye tabarmarta a farin wata ya koma makwancin tumaki. Shi ya sa Ɗahiru ya ce da rana za a nuna, ko kuwa a fasa.

Ta iske an toshe tagogin aji da barguna, an rataya farin ƙyalle a jikin allo, yara sun cika ɗaki har kan taga, zafi kamar bakin murhu. Ta tsaya bakin ƙofa tana neman Ɗahiru da ido, ta riga ta shirya abin da za ta gaya masa. Sai ƙyallen ya yi haske, muryar wata tsohuwa ta fito daga akwatin magana ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Bara'atu ta jira amsar da ke girgiza dandali a da. Ɗakin ya yi tsit. Yara sun fi ƙarfin ƙirga, amma babu ko ɗaya da ya san ana amsawa. Ta hango jikanyarta Surayya a layin gaba, baki buɗe, tana kallon ƙyalle kamar an yi mata magana da wani yare. Bakin Bara'atu ya motsa shi kaɗai, ta haɗiye amsar. Faɗan da ta zo da shi ya zube, ta jingina da bango, ta kalli fim ɗin har ƙarshe.

Abin da ta gani kuwa ya ƙara mata ciwo. An yi wa giwan ruwa haƙora kamar lauje da jajayen idanu. An ba Mashkura wani mashi mai walƙiya. Da ta isa ƙasan gulbi, maimakon ta zauna ta rera wa kifin waƙa har zuciyarsa ta yi sanyi ya amayo jirgin, sai ta soke shi a ciki ta farka shi. Yara suka yi ta tsalle suna tafi. Waƙar kuwa, wadda Bara'atu ta karɓa daga bakin kakarta, ko ɗuriyarta babu.

Kwana biyu ƙauyen bai da wata hira sai ta fim. Masunta a bakin ruwa suka ce wanda ya zana kifin nan bai taɓa ganin giwan ruwa ba sai a miya. Liman ya ce shi bai ga aibu ba, tunda yarinyar ta yi bisimilla kafin ta faɗa ruwa. Samari suka ce mashin ne kaɗai abin kallo, da ma an ƙara kifi biyu. Mai shayi ya ce ya yi gajarta, alhali rabinsa barci ya yi. Mata kuwa a bakin rijiya ba kifi ya dame su ba, ba mashi ba. Cewa suka yi ko a ƙyalle ko a baki, tatsuniya tatsuniya ce, kuma an yi ta da rana a kunnen 'ya'yansu. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce Larai, maƙwabciyar Bara'atu, kuma babu mai iya ce mata ta yi shiru. Ɗanta Sa'adu ya tafi kasuwar Achida da buhun busasshen kifi damina biyu da suka wuce, har yau ba shi ba labarinsa.

Ɗahiru ya zo yi wa gwaggonsa sallama, yana sosa ƙeya. Ya ce masu fim ɗin sun ce yaran yanzu ba za su zauna sauraren waƙa ba, sai an sa musu faɗa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wa yab ba su waƙar balle su ƙi ta?" Ya hau babur ɗinsa ya koma Wurno.

Da yamma ta ga Surayya a tsakar gida da karan dawa, tana ta sukar wani busasshen kifi a kan tabarma, wai ita ce Mashkura. Bara'atu ta ƙwace karan ta ce mata Mashkura ba ta kashe kowa ba, waƙa ta yi.

"Wace waƙa, Kaka?"

"Bari dare shi yi."

Dare ya yi, uban yarinyar ya sa sakata, ya roƙi uwarsa da girman Allah kada a ji motsin kowa. Washegari Surayya ta sake tambaya, aka sake ce mata ta bari sai dare. A rana ta uku ba ta ma tambaya ba, ta nemo wani karan ta ci gaba da sukar kifinta. Wannan ne ya ƙona ran Bara'atu fiye da haƙoran laujen. Ta duba ta ga ita kaɗai ta rage a duk ƙauyen mai iya rera waƙar daga farko har ƙarshe, ga tari ya matsa mata tun sanyin bara, daren da take jira kuma ba shi da ranar dawowa. Ta ji tsoro, ba ta ɓoye wa kanta ba. Shekara saba'in tana gudun wannan abu, ba a rana ɗaya tsoronsa zai fita ba. Amma haushi ya fi tsoron yawa.

Rana na tsakiyar ka ta ja tabarmarta zuwa gindin bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida, inda duk mai zuwa rijiya sai ya wuce. Ta aiki Surayya ta kira mata yaran unguwa, ta ce a gaya musu za su ji abin da fim ya ɓoye. Kafin ka ce me, sun kewaye ta, wasu da karan dawa a hannu. Mata suka fara leƙowa ta saman zana. Larai ta sauke tulunta a tsakiyar hanya ta nufo ta.

"Inna, mi ki ka shirin yi? Ke da kanki? In wani ɗa yab ɓace cikin ɗiyan ga, wa za a tambaya?"

"Ni za a tambaya," in ji Bara'atu.

Larai ta ce ita ta san abin da ake nufi da ɓata, ba a labari ta ji ba, kuma ba ta fatan wata uwa ta ɗanɗana. Bara'atu ta ji tausayinta har cikin ƙashi, don Larai ma a kan wannan tabarma ta girma, ɗanta ma haka a bayanta. Amma ba ta janye ba.

"Larai, Sa'adu bai taɓa jin tatsuniya da rana ba. Da dare ni ka yi mai, yadda munka gada, ban taɓa kuskure ba ko sau guda. Ba ta tsare shi ba. 'Yan bindiga sun amshe muna dare mun yi shiru. Waƙar ga kau ba su samun ta."

Larai ta juya ta shige gidanta, ta bar tulun a hanya. Wasu mata biyu suka ja 'ya'yansu suka tafi. Sauran yaran suka zauna.

Bara'atu ta gyara zama, ta yi tari, ta ɗaga kai ta dubi ranar ido da ido. Sannan ta buɗe murya yadda take yi a dandali.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

Yaran suka dubi juna. Surayya ta dubi kakarta, ba ta san abin da ake jira ba. Tsohuwar ta ƙi gaya musu, ta sake faɗa da ƙarfi, ta jira.

Daga bayan zanan Larai muryarta ta fito, cikin kuka.

"Ta zo mu ji ta."