Lemun Tsamin Tsaunin Maje

Ranar Asabar, sha huɗu ga Satumba, 2024, mutum uku suka zauna a wani ajin firamare a Birnin Gwari domin zaɓen ɗalibin da za a kai jami'a. Su ne wakilan tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Tsaunin Maje, waɗanda arba'in da uku kaɗai suka rage a raye. An haɗe kwalejin da jami'a tun tuni, aka kwashe ta zuwa birni. Gine-ginenta na bakin daji kuwa, bayan Kakangi, 'yan bindiga ne a ciki. Tsofaffin suka yi karo-karo don kada sunan ya mutu.

Malam Yusha'u, shugaban kwamiti, ya fi kowa riƙe tarihin wurin. A zamaninsu kowane sabon ɗalibi sai ya dasa itace, kuma ba a ba shi takardar kammalawa sai itacen na da rai. Saboda haka tambayar ƙarshe ga kowane mai nema ita ce: me ka sani game da tsohuwar makaranta?

Yara suka yi ta rera abin da aka yi musu bitarsa. Sai aka kira Aminatu, 'yar Bakoji makiyayi, wadda ta fi kowa sakamako. Ta kwance bakin mayafinta, ta ajiye busassun lemun tsami a kan tebur.

"Daga can ne, Baba."

Alhaji Mu'azu, ma'ajin ƙungiya, ya ja kujerarsa baya. "Daga ina? Soja ma sai da shiri yake dosar wurin nan. Ke da wa kika je?"

"Kai ni aka yi, Alhaji. Daminar bara aka ɗauke mu a hanyar gona."

"Aka kuma sako ki haka nan?"

"Shanun babana suka shiga, ni na fito."

"A gaban wa?"

Kafin ta amsa, Malama Rhoda, ta ukun kwamitin, ta ce, "Haba Mu'azu, jarrabawa muka kira ta ko shari'a?"

"Rhoda, ke Kaduna kike kwana. Mu nan mun san masu kai musu gishiri da labari. Lemun tsami kuwa, har da buhu ana sayarwa a kasuwa. Ko dai ƙarya take don ta sha tausayi, ko kuma 'yar gida ce a can. Wanne za mu sa wa sunan makarantarmu?"

Malam Yusha'u bai so maganar ba, amma bai iya ture ta ba. Shi ma ya binne ƙane wanda maƙwabci ya nuna wa 'yan bindiga gidansa. Ya dubi yarinyar da kyau. Babu hawaye a idonta, wannan ma ya ƙara masa shakka. Sai ya yi mata tarko.

"'Yata, mangwaron da ke bayan ɗakin cin abinci, yana nan?"

"Babu mangwaro a wurin, Baba. Lemun tsamin nan ne. Gindinsa ya haɗiye wani ƙarfe, kamar ƙafar gado, sai zoben samansa ya leƙo waje."

Tsohon ya sake duban lemun da ke kan tebur. Shi ya dasa itacen. Iska ta kwantar da shi ana gab da jarrabawar ƙarshe, shi kuma ya ciro ƙafar gadonsa a ɓoye ya tokare shi, don kada a hana shi takarda. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

"Yaya kika lura da zoben?" ya tambaya a hankali.

"A ciki ake zura sarƙar. Mu mata a nan ake ajiye mu, saboda inuwa. Ganyen kuma muna taunawa in zazzaɓi ya kama mu."

"Ka ji!" in ji Alhaji Mu'azu. "Ta san wurin. Amma mai ɗaurewa ma ya san zoben."

Gaskiya ne, kuma Malam Yusha'u ya san gaskiya ne. Babu wata tambaya da ta rage da za ta raba masa mai ɗaurewa da wanda aka ɗaure. Aka sallami yarinyar ta jira a waje. Malama Rhoda ta ce a ba ta. Alhaji Mu'azu ya ce in aka ba ta, a cire sunansa daga ƙungiya. Duka biyun suka juyo suna kallon shugaba.

Ya ɗauki lemo ɗaya ya girgiza a kusa da kunnensa. 'Ya'yan ciki suka yi ƙara.

"Sharaɗin makarantarmu itace mai rai ne," ya ce. "Ta kawo shaidar nawa yana raye. A rubuta sunanta."

Aminatu ta shiga sashen gandun daji a farkon zangon karatu. Alhaji Mu'azu ya miƙa muƙamin ma'aji ga wani, bai sake zuwa taro ba. Malam Yusha'u ya shuka 'ya'yan lemun a tsakar gidansa, suka tsiro, amma har yau bai gaya wa iyalinsa inda ya samo irin ba.