Layin da Ba Ya Karkacewa

Baba Sabo, baduku a Kasuwar Kurmi, bai taɓa jin kalmar eigenvector ba, amma shekara arba'in yana cin tuwo da ita. In zai yanka maɗaurin jaka, sai ya ja fata da hannu biyu.

"Kin gani, Shamsiyya?" yakan ce wa 'yarsa. "Duk zanen da kika yi a jikin fata, in an ja sai ya karkace. Ban da wanda ya bi ƙashin baya. Shi tsawo kawai yake ƙarawa, ba ya sauya hanya. Nan ake yanka."

Da ta shiga jami'a sai ta tarar da maganar Baba a kan allo, an dai sa mata kwat. Matrix ita ce jan, eigenvector shi ne layin da ba ya karkacewa, eigenvalue kuma yawan tsawon da ya ƙara. A kan haka ta yi aikinta na ƙarshe. Wata biyu tsohon yana ja mata fata tana aunawa, masu saye suna wuce shi, ko a jikinsa.

Ranar kare aikin, Dakta Nazeer mai duba ta ya ce, "Wannan badukun, ya sunansa? Ya cancanci mu sa shi a takarda."

Ɗakin cike yake da 'ya'yan manya, wata ma ta toshe hanci saboda warin fatar da aka kawo don nuni. Shamsiyya, wadda tun firamare sunan unguwarsu Zaitawa take jingina wa nata maimakon na ubanta, ta ji kunya ta kama ta.

"Wani tsoho ne kawai a Kurmi, Dakta. Ban riƙe sunansa ba."

Magana zarar bunu. Aka buga aikin a mujalla har da hoton hannuwan Baba, a ƙasa aka rubuta da Turanci: wani tsoho a kasuwa.

Ta kai masa mujallar tana jin haushin kanta. Sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa.

"Ni ban yi boko ba, 'yata. Nuna min inda sunana yake."

Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin hoton. Ya daɗe yana shafa wurin kamar yadda yake shafa fata mai kyau.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Gobe zan kai kasuwa. Maƙwabcina Musa yana jin Turanci, shi zai karanta wa 'yan layinmu da ƙarfi."