Lamba Goma Sha Huɗu

Tunkiyar farko ko motsi ba ta yi ba. Dogo, abokin aikin Likita, ya maƙale ta tsakanin ƙafafunsa ya ɗaga mata haɓa, ita kuma Likita ta lalubi jijiyar wuya da babban yatsa ta soka allura. Jini ya hau kwalba a hankali. Ta rubuta ɗaya a jikin kwalbar, Dogo ya rubuta ɗaya da jan fenti a gadon bayan tunkiyar, suka sake ta.

Talatin da ɗaya ne a garken mahaifinta. Kwana goma sha biyu ke nan da binne Inna, mahaifiyarta.

Zazzaɓi ne ya fara, sai haɓo, sai jini a dasashi. A asibiti aka ce cuta ce da kaska ke ɗaukowa, tana shiga tumaki ba ta kayar da su, amma in ta shiga mutum sai abin da Allah ya yi. Ofishinsu na lafiyar dabbobi ya ce a ɗebo jinin garken a gwada. An ce wa Likita ta bari wani ya je, ta ce ta fi kowa sanin hanya.

Baba yana zaune a kan kifaffen bokiti, yana kallo har aka zo kan wata fara mai baƙin kunne. Shi ya sayo wa Inna ita, mako biyu kafin ta kwanta, don ta daɗe tana son irinta. Da kaska jingim ta zo. Inna ta zauna ta cire su ɗaya bayan ɗaya, tana fasa su tsakanin faratan manyan yatsunta, kamar yadda ta shekara arba'in tana yi. Likita ta sha hana ta ta waya. Dariya take yi, ta ce kaska ta san ta tun ba a haifi masu karatu ba.

"Uwata," Baba ya ce, "wannan ki duba ta da kyau."

"Duk iri ɗaya ake duba su, Baba."

"Na sani. Ki duba ta."

Ta rubuta goma sha huɗu.

Da suka gama sai wankan magani, haka ƙa'ida ta ce. Dogo ya dama a ganga, suka riƙa tsoma su. Inda ta yi karatu a kunne ake maƙala lamba, amma na ofis sun ƙare tun bara, shi ya sa aka sayo fenti. Babu wanda ya tambayi ko yana jure ruwa. Tun a tunkiyar farko ta ga jan yana zuba ta gefen ciki. Ta kalla, ta jawo ta biyu.

Sai da gangar ta koma jawur Dogo ya lura. Ya dafe kai ya ce sun yi aika-aika, yanzu sai dai a bi su ɗaya ɗaya ana tambayar kowace lambarta. Ba ta yi dariya ba, shi ma sai ya bari.

Bayan kwana tara takarda ta fito daga ɗakin gwaji. Tara daga cikinsu cutar ta taɓa ratsawa. A mota ta karanta: biyu, biyar, shida, sha ɗaya, sha huɗu. Ta ninke takardar. Gwajin bai faɗi yaushe ba, bai faɗi wace kaska ba, bai faɗi wa ya kawo wa wani ba. Duk gaskiya ne, kuma ta san ba abin da Baba zai ji ke nan ba.

A bakin garke ta same shi. Ta yi masa bayani, ta karanta masa lambobin, ya saurara har ta kai aya.

"Mai baƙin kunnen fa?"

"Fentin ya wanke, Baba. A gabanka aka yi."

"Ke ba ki riƙe ba?"

"Talatin da ɗaya ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ce tsufa ya kama ta da wuri, ita da tana yarinya ko ɗan rago aka sayar sai ta faɗi ranar da aka haife shi.

Farar ta ja igiyarta ta zo tana shinshinar rigarsa. Ya shafa kanta, yatsunsa suka tsaya a gindin kunne. Sabuwar kaska ce, ta fara cika. Ya haɗa farata zai kama, Likita ta riƙe masa wuyan hannu.

Ta sa safar hannu, ta ɗauko hantsaki daga jaka, ta zare kaskar har da kanta, ta jefa a kwalba ta rufe. Ba a ajiye kwalba babu rubutu, abin da aka fara koya mata ke nan. Ta rubuta kwanan wata, ta rubuta lambar dabba, goma sha huɗu.

Da ta ɗago, idon Baba yana kan kwalbar. Boko bai yi ba, amma lamba ya iya.

Daga nan ya kwance igiyar farar, ya ce bai ba su ruwa ba tun safe.