Dutsen Niƙan da Ya So Tashi Sama

Idan murya ta fito daga cikin waya ta ce maka ina wuni, kuma ka san babu mutum a ciki, amsawa ta wajaba a kanka ko kuwa? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samu bakin zaren ba. Ina jin ita ce ta bi ni shimfiɗa daren jiya, har ta zame mini mafarki.

Sai ga ni a wani gidan tarihi. Shugaban wurin ƙadangare ne, Malam Barau, yana kwance a kan tebur da jar hularsa. Ya ce an ɗauke ni aiki.

"Wane aiki, ranka ya daɗe?"

"Mun haɗa manhaja. Baƙo zai nuna wa kaya wayarsa, wayar ta ba shi tarihinsu. Komai ya kammala, saura wanda zai zauna a ciki."

Na ce ina da ciwon baya. Ya gyaɗa kai. Daga baya na gane haka yake yi wa kowa, har fanka.

Ya kai ni ɗaki na ƙarshe. Wani tsohon dutsen niƙa ne a ciki, an ɗaure shi da igiya, yana lilo a iska. A garin nan, in ji Malam Barau, duk abin da aka daɗe ba a ji labarinsa ba, nauyinsa raguwa yake yi har ya tashi. Ya nuna mini wani rami a rufi, ya ce ta nan masaƙarsu ta fita bara, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Dutsen ya dube ni. "Samari, igiyar nan ba za ta kai la'asar ba. Ka kawo mini ko mutum ɗaya ne."

Na ce in sha Allahu, Baba.

"Sharaɗi guda," in ji Malam Barau. "Ban da gaisuwa. Ka faɗa cikin tarihi kai tsaye."

Na ce wannan kam ba zan iya ba. Ban taɓa tarar mutum da zance ba tare da na tambayi kwanansa ba, kuma ba a cikin waya zan fara rashin tarbiyya ba. Ya gyaɗa kai.

Suka naɗe ni kamar tabarma, suka zura ni ta ramin caji. Ciki ba laifi. Akwai buzu, akwai taga, akwai kuma wata randa a kusurwa. Ita ce cajin. Duk kalmar da na furta, ruwanta sai ya ragu.

Baƙuwa ɗaya ce ta zo ranar, Hajiya Tasalla, wata dattijuwa mai sayar da daddawa. Ta nuna ni ga wata tsohuwar ƙwarya.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ina wuni?"

"Alaikumus salam! Ashe da mutum a ciki. Lafiya lau, ɗan nan. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya zaman waya?"

"Da godiya."

"Ya zafi? Ka ci abinci kuwa? Ɗan gidan wa ne kai?"

Na faɗa mata. Ashe ta san ƙanwar kakata. Ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu, muka yi musu addu'a. Ƙwaryar ta yi gyaran murya, ta ce ita ba a gaishe ta ba. Muka gaishe ta, ita da faifanta.

A ɗaki na biyu Hajiya ta ce ai mun sauya wuri, sai a sake gaisawa. Ban ga kuskure a maganarta ba. Ta gutsuro goro ta tura mini ta ramin caji. A waje an fara ruwa, yana tashi daga ƙasa yana komawa cikin gajimare, mutane sun kifa laimarsu suna tafiya a ciki.

Da muka isa ɗaki na ƙarshe, abin da ya rage a randar bai cika ludayi ba. Igiyar ta tsinke a kan idona. Dutsen ya kama hanyar rufi a hankali, ba ihu, ba komai, sai kallona da yake yi.

"To, ɗan nan," in ji Hajiya, ta gyara mayafi. "Mun iso lafiya. Ina wuni?"

Na dubi randar. In na amsa, ta tambayi gajiya, shi ke nan ruwan ya ƙare. In na ƙi, na wulakanta sa'ar uwata, ga goronta a bakina. Gefen dutsen ya riga ya leƙa waje.

"Wannan dutsen na Ladingo ne!" na ce da ƙarfi. "Shekarar da fari ya cinye gonaki, dusa take niƙawa a kansa, tana waƙa don 'ya'yanta su zaci gero ne."

"Kai, marar kunya! Ko amsa babu?"

Dutsen ya tsaya cik. Na ci gaba:

"Kwarmin da ke tsakiyarsa hannunta ne ya yi shi. Duk 'ya'yan sun rayu, babu wanda ta faɗa wa."

Hajiya ta ɗaga kai. "Allah sarki," ta ce. "Haka tawa kakar ta yi. Sauko, bawan Allah, in taɓa ka."

Ya sauko da dukan nauyinsa, ya daki ƙasa, tim!

Na farka. Matata ce ta dire bokitin ruwa a bakin ƙofa.

"Malam, tashi ka cire wayarka daga caji," ta ce. "Tawa ta mutu."